Rijiyar da Muka Huda

Ƙanena ya kira ni wata ranar Lahadi, ina zaune a ɗakina na fwaye, gidan kwanan ma'aikata baƙi, a Montreuil kusa da Paris, na tsoma ƙafafuna cikin ruwan ɗumi saboda kumburi. Bai ja gaisuwa ba. Ina wuni, ina gajiya, yaya sanyi, sai ya ce: "Yaya, an taru wurin maigari. Mutane suna so a cike rijiyar Baba." Na ce wace rijiya, kamar ban sani ba, alhali ita kaɗai ce a duniya. Ya ce ta garka. Ya ce ruwanta ya yi ja kamar an wanke tsohon ƙarfe a ciki, kuma rijiyoyin da ke kusa da ita sun fara ɗaukar launin, daga ta gidan liman har gangare. "Maigari ya ce ba mai taɓa ta sai da bakinka. Kai ne babba." Na ce ya ba ni kwana biyu. Kwana biyun nan sai da suka kai wata guda, don ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya ba da izinin binne abin da ubansa ya gina da hannunsa, balle ni da na san yadda aka yi ta lalace.

Ni ban yi lakwal mai nisa ba. Aji shida na yi, jarrabawa ta kayar da ni, na koma bayan ubana. Saboda haka wanda ke neman magana mai ado ya nema wani wuri. Abin da na gani zan faɗa.

Garinmu yana cikin kwari, can ƙasar Adar, tsakanin duwatsu biyu baƙaƙe. Ƙorama ta ratsa tsakiya, tana gudu da damina, da rani ta kwanta ta zama rairayi. Amma ruwan bai tafiya. Yana nan ƙarƙashin rairayin, kuma a kansa muke rayuwa. Gefe da gefe duk garake ne na albasa, da ɗan tumatir da barkono a bakin fangali. Ba na tuna na taɓa farkawa da carar zakara. Abin da ke tada ni shi ne kukan igiya a kan itacen bakin rijiya, wani irin ƙiiƙ, ƙiiƙ, daga garake arba'in lokaci guda, da faɗuwar wasaki cikin ruwa, tuɓ, da muryar masu kora jakai. Kowace rijiya da muryarta. Ina kwance ina iya ce maka wane ya fito, wane kuma yau ya makara. Aikina kafin in yi ƙarfi shi ne in tsaya da ƴar hauya in buɗe wa ruwa hanya zuwa fangali, in ya cika in toshe in buɗe na gaba. Ƙafafuna cikin taɓo mai sanyi, warin ganyen albasa yana shiga ido. Lokacin ina ganin wahala ce. Yau da nake share titi a Paris, da safe nakan sa makulli in buɗe bakin ruwa a gefen hanya, in karkata shi da guntun tsohon kafet da aka naɗe, ya bi lambatu ya kwashe guntayen taba da kashin kare. Aikin ɗaya ne, hannun ma ɗaya ne. Sai dai can albasa ke sha, nan ba wanda ke sha. Ruwan da nake zubarwa a titi guda kafin ƙarfe tara, da zai shayar da garkarmu mako guda. Shekarun farko nakan tsaya ina kallonsa har shef, shugaban aikinmu, ya yi mini tsawa. Yanzu na daina kallo.

Baba maginin rijiya ne, ubansa ma haka. Rabin rijiyoyin kwarin nan su suka gina su, sauran rabin su ke yashe su duk shekara. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da yara ke yi mini dariya a kanta: yana cin ƙasa. Ba ci na haɗiya ba. In yana haƙa, duk lokacin da launin ƙasa ya canja sai ya ɗebi kaɗan ya sa a harshe, ya lumshe ido, ya tofar. Daga nan zai ce saura tsayin mutum ɗaya da rabi a kai ruwa, ko ya ce a tashi daga nan, ruwan zai yi kanwa. Ban taɓa ganin ya yi kure ba. Shi ya koya mini jerin ƙasar kwarinmu kamar yadda malam ke koyar da karatu: rairayi, tsakuwa, jar ƙasa, sannan farin yashi mai laushi wanda ruwa ke cikinsa. Ƙarƙashin farin yashin akwai wata laka shuɗiya, mai santsi, mai danƙo, in ka murza ta a yatsa kamar sabulu. Nan ake tsayawa. Ranar da na fara taka ta da ƙafata a gindin wata sabuwar rijiya, ina da shekara goma sha huɗu, ya riƙe mini wuyan hannu har ya yi mini ciwo. Ya ce: "Wagga ita ce tabarmar ruwa. Bisa gare ta shike kwance. Ka ga ta, ka aje dagi. Ko an yi maka kuka, ko an yi maka zagi, ka aje dagi." Na ce me ke ƙarƙashinta? Ya ce bai sani ba, ubansa ma bai sani ba, kuma ba aikinmu ba ne mu sani.

Sai masu gawayi suka zo. Da farko ƴan mutane ne cikin mota guda, suna huda ƙasa da wani dogon ƙarfe suna zuba abin da ya fito cikin akwatuna. Bayan damina biyu kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, suka iso, aka kafa waya, aka fasa gindin dutsen gabas aka yi rami mai gangara da mota ke iya shiga. Suka ce akwai gawayin dutse a ƙarƙashinmu, sharbo, shimfiɗe har ƙasan garakenmu, kuma ba za su taɓa ko ganyen albasa ɗaya ba tunda ta ƙasa za su bi. Wannan kam gaskiya suka faɗa, ba su taɓa ganye ba. Abin da ba su faɗa ba shi ne ramin nasu yana cika da ruwa, kuma ba a haƙar gawayi cikin ruwa. Suka kawo pompa, injinan zuƙe ruwa, manya guda uku. Tun daga ranar sautin garinmu ya canja. Dum, dum, dum, ba hutu, ba Juma'a, ba salla. Kana jin shi a tafin ƙafa in kana tsaye, kana jin shi a goshi in ka yi sujada.

Ruwan da suke fitarwa ta wani ƙaton tiyo suke sako shi cikin ƙorama. Wallahi ranar farko guɗa aka yi. Ƙorama tana gudu tsakiyar rani! Tsofaffi suka zo da sanduna suna kallo, mata suka kwaso wanki, yara suka tuɓe suka faɗa. Kawuna, ƙanen Inna, mutum mai barkwanci, ya ce wa Baba: "To, mai cin ƙasa, an sallame ka. Ga Nasara ya kawo gulbi har ƙofar gida." Baba ya durƙusa ya ɗebo a tafin hannu, ya sa harshe, ya tofar, ya ƙara tofarwa, ya goge baki da hannun riga. Kafin wata guda duwatsun ƙorama sun yi tsatsa. Farin zane in an wanke ya fito ruwan ɗorawa, kuma bai komawa. Yara suka fara susa. Kwaɗi suka yi shiru. Tafkin da ke ƙasan gari, inda Fulani ke shayarwa tun kakanni, ya yi wata fata mai ƙyalli a sama, shanu suka yi ta zawo, wata safiya muka ga rugagen babu kowa sai turaku. Daga ranar nono ya ɓace a kasuwarmu. Waɗanda suka yi saurin jan ruwan zuwa garakensu, ƙasarsu ta yi farin ɓawo, albasa ta ƙone daga saiwa. Ga ruwa yana gudu a gaban ido, ba a sha, ba a wanki, ba a alwala. Ban san azabar da ta fi wannan ba.

Ni kuwa lokacin ina da shekara ashirin, ƙarfi ya zo, hankali bai iso ba. Da aka ce ana ɗaukar samari, ina cikin na farko. Saboda ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal aka sa ni wurin pompa, can ƙasa. Aka ba ni hular ƙarfe mai fitila a goshi da takalman roba har gwiwa. Ko ranar da ba aiki nakan sa su in zaga kasuwa. Aikina in duba mai, in share abin tace, in tabbata injin bai tsaya ba. Wato ni ɗan maginin rijiya, ni aka sa gadin abin da ke tsotse garinmu, kuma ina alfahari. A can ƙasa na ga ruwa irin wanda ban taɓa gani ba. Yana zubowa daga rufi, yana tsattsafowa daga bango, yana gudu a ƙasa har ƙauri. Ban taɓa tambayar kaina daga ina yake zuwa ba.

A sama kuma rijiyoyi suka fara ja da baya. Da farko ana ƙara igiya kamu ɗaya, sai kamu biyu. Wani wuri ƙasa ta tsage, tsaga mai tsawo, ta bi ta tsakar gidan wani mutum ta raba masa rumbu biyu. Baba bai taɓa shan kira irin na shekarar nan ba. Ya yashe wannan, ya yashe waccan, ko'ina yana sauka har ya taka shuɗiyar laka, ya fito ya ce iyakarta ke nan. Tamu ta garka, wadda ya gina shekarar da aka haife ni, ita ta fi jurewa. Ruwa na taruwa a gindinta kamar tsawon gwiwa kafin safe, a kwashe, a jira. Da shi Inna ke dafa abinci, da shi maƙwabta gida biyar ke sha, abin da ya rage a ba fangali goma daga cikin sittin. Ba yawa, amma ruwa ne mai daɗi, kuma yana dawowa kullum. Wannan nake so a riƙe: yana dawowa kullum.

Wata la'asar ana zaune gindin gawo, dattawa sun kai goma, ana ta maganar da aka saba. Na zo da hulata a kai, ko cirewa ban yi ba. Kawu ya ce: "Ga injiniya nan. Injiniya, ku da ke shiga cikin ƙasa, ina ruwanmu ya tafi?" Aka yi dariya. Dariyar ce ta hau mini kai. Na ce ruwa bai tafi ko'ina ba, yana nan ƙasa, na gan shi da idona, gulbi guda. Na ce lakar nan da ake tsoro ba ta fi kamu uku ba, a huda ta kawai a kai ga ruwan gaske. Baba ya ce, a hankali: "Ba a huda ta." Na ce saboda me? Ya ce haka ya tarar. Sai na faɗi abin da har yau in na tuna nakan ji bakina ya yi ɗaci. Na ce: "Haka ka tarar, haka ka tarar. Nasara ya huda dutse guda ya shiga da mota, kai kana tsoron taɓo. Inna tana kankare gindin tulu, kai kana lasar ƙasa." Liman ya ce: "Kai yaro, ubanka ne fa." Amma na ga idanun wasu. Albasarsu tana mutuwa, kuma maganata ta yi musu daɗi. Wani ya ce, yana kallon ƙasa: "To, ko a gwada guda mu gani?" Wani ya ce ai yaron ya ga abin da mu ba mu gani ba. Na ce in Baba ba zai sauka ba, ni zan sauka gobe.

Baba ya daɗe yana kallon takalmana na roba. Sannan ya ce: "Ba ka sauka. In ɓarna za a yi, hannuna shi yi ta. Kada a ce ɗana ne."

Washegari da hantsi rabin gari yana garkarmu. Muka kwashe ruwan da ya taru, Inna ta cika tuluna. Baba ya yi alwala, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗauki dagi. Ni da Kawu muke riƙe da igiyar. Kawu yana ta ƙoƙarin ba da dariya, yana cewa in ka ga gulbin ka kamo mana kifi. Muna jin sarar dagi daga ƙasa, wata irin sara marar amo, kamar ana dukan nama. Kwando yana hawa da shuɗiyar laka, yana sauka. Har azahar ta gabato. Ruwa ya sake tsattsafowa ya kai masa ƙauri, yana haƙa cikin ruwan. Sai muka ji sarar ta canja. Ɗaya, biyu. Sannan wani sauti ya fito daga rijiyar nan wanda ban taɓa ji ba kafin ranar, ban kuma sake ji ba sai da na zo ƙasar nan na ga an zare marfin bahon wanka. Maƙogwaro ne ke haɗiya. Na leƙa da fitilar hulata. Na ga ruwan yana juyawa a ƙafafun ubana, yana juyawa, yana shigewa. Na ga ya jefar da dagi ya durƙusa ya danna tafukansa biyu a kan ramin, yana son ya riƙe ruwa da hannu. Ya ɗaga kai, hasken fitilata ya faɗa a fuskarsa. Bai yi mini magana ba. Ya ce wa Kawu: "Ku turo laka."

Mun turo laka har magariba. Duk abin da ya cusa sai ƙasa ta zuƙe. Kwana biyu yana fama. A na uku bangon ƙasa ya zauna, duwatsun da ya jera da hannunsa shekara ashirin da suka wuce suka rufto, suka danne masa ƙugu. Da ƙyar muka fito da shi. Bai sake sauka rijiya ba, bai ma sake tafiya ba sanda ba. Cikin mako guda rijiyoyi shida na kusa da mu suka ƙafe ƙaf. Ko da ba mu huda ba watakila da sun ƙafe daga baya, amma mutane abin da suka gani suka gani. Ba wanda ya je ƙofar kamfani ya yi magana, wa zai je, da wane baki? Ubana ne a kusa. Aka daina ce masa mai cin ƙasa, aka koma ce masa wanda ya huda. Waɗanda suka ce a gwada, su suka fi kowa faɗa. Inna ta koma tafiyar rabin yini da jaki zuwa wani ƙauye bayan dutse, ita da sauran mata, jarka huɗu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in na dawo daga aiki takan ajiye mini ruwan wanka cikin ƴar kwarya, ta tsaya ta ga yadda zan yi da shi.

Shi kuwa Baba bai taɓa faɗa wa kowa cewa ni ne ba, ko da yake kowa ya sani. In an tayar da maganar sai ya ce: "Ni na riƙe dagi." Da ya zage ni da na samu sauƙi. Da ya ɗaga sanda ya fasa mini kai da na gode. Na yi damina ɗaya ina kallonsa yana jan ƙafa zuwa garkar da babu komai, ya zauna a bakin rijiyar ya dawo. Na kasa. Na ajiye hula na bi motar arewa. Shekarun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa: hamada, gine-ginen mutane, teku. Na fara sauka Lyon, kuma don a ga yadda duniya ke yi wa mutum dariya, aikin farko da na samu a shantiye, wato wurin gini, shi ne gadin pompa, ana haƙa wurin ajiye motoci kusa da kogi, ruwa na shigowa. Da shef ya ga yadda nake sauraron injin ya ce na iya aiki, a ina na koya? Na ce a gida. Ina can aka aiko mini Baba ya rasu. Ba ni da takardu, ban je ba.

Kamfanin ya yi shekarunsa ya kwashe abin da zai kwasa, ya rufe bakin ramin da ƙarfe ya tafi. Pompa suka yi shiru. Ƙanena ya ce mutane sun yi kwana uku suna jin kamar kunnensu ya toshe. Bayan wasu damuna ruwa ya fara dawowa rijiyoyi, mai daɗi, aka sake dasa albasa, har wasu da suka gudu suka komo. Tamu ma ta kawo ruwa, na yi murna a waya kamar yaro. Sai ga wannan kira na ranar Lahadi.

Cikin watan da nake jan ƙafa, aka gayyace ni suna a Lyon, gidan wani tsohon abokin aikina. An cika falo, shinkafa da miya, yara suna ta Faransanci kamar ba a haife su da wani harshe ba. Aka nuna mini wata mata ƴar Damagaram, ta kai shekara arba'in da wani abu, aka ce dakta ce, amma ba ta asibiti ba, ta ruwan ƙarƙashin ƙasa. Na ce ashe har ruwa yana da likita, mu namu ya mutu ba a kira kowa ba. Ta yi dariya ta ce: "Baba, kawo marar lafiyar mu gani." Na ce kada ki ce mini Baba, ban girme ki da yawa ba, wahala ce. Ta ce to Malam. Na ce ban yi karatu ba. Ta ce: "To Alhaji." Na ce ko Agadas ban tsaya ba balle Makka. Ta ce: "Kai dai Ba'adare ne, ba a iya muku. Faɗi."

Na faɗa mata duka, har maganar gindin gawo, wadda ko matata ban taɓa faɗa wa ba. Ta ɗauki farantin takarda ta juya bayansa ta zana layuka: yashi, laka, gawayi. Ta ce ramin nasu da tsagewar ƙasa su suka fara zuƙe ruwan sama, ruwan da nake gani yana zubowa daga rufi namu ne. Ta ce yanzu da aka kashe pompa ramukan sun cika, ruwa ya jiƙa dutsen da aka fasa ya zama mai tsami mai tsatsa, yana hawowa yana neman hanya. Ta sa bakin biro a kan layin laka ta huda farantin. "Ga hanya kun buɗe masa."

Na ce: "Hajiya, tambaya ɗaya. Da ba mu huda ba fa?"

Na ga tana neman magana mai laushi. Na ce kada ki shafa mini mai, ni mai shara ne. Ta ce daga Lyon ba za ta iya rantsuwa ba, sai an auna, watakila akwai wasu tsagogin. Amma tunda jan ya fara daga tamu yana bin gangare, to tamu ce. Ta ce ubanka ya fi mutane da yawa da na yi karatu da su sanin ƙasar nan. Na ce wannan na sani, na sani tun ina riƙe da igiya. Sannan ta ce abin da ya sa na ajiye cokali. Ta ce in suka zuba yashi da duwatsu suka cike ta, aikin banza suka yi, ruwan zai bi ta cikin yashin ya ci gaba da shiga na maƙwabta, kuma ba mai iya komawa ya gyara. Sai an toshe daidai wurin lakar, da laka ko siminti, a danne sosai. Ta ce da can ƙasa tana zuƙa, shi ya sa abin da Baba ya cusa ya ƙi zama, yanzu zai iya kamawa. "Akwai wanda ya iya aikin a garin?"

A jirgin komawa Paris na yi ta lissafa su da yatsa. Wane ya mutu. Wane yana Abidjan. Ɗan wane direba ne. Yaran yanzu in suna son ruwa mai injin huda ƙasa suke kira. Cikin duk wanda Baba ya taɓa riƙe wa wuyan hannu a gindin rijiya, ni kaɗai na rage, kuma ina nan da tsintsiyar roba a hannu da ƙafafu masu kumburi, hutuna sai bayan wata bakwai. Albasar mutane ba ta jira wata bakwai.

Washegari lokacin hutun rana na zauna a bakin wata hanya kusa da unguwar Goutte d'Or, na jingina tsintsiya, na kira ƙanena. Na ce ya faɗa wa maigari na yarda. Ya ce alhamdu lillahi, gobe za su kawo amalanke su zuba yashi. Na ce in kuka zuba mata yashi ban yafe ba. Na ce nemo takarda. Na ce a fara kwashe duwatsun da suka rufta, da ƙugiya, har a ji gindi. A je bayan tsohuwar maƙabarta, inda ƙorama ta ci gaɓa, akwai shuɗiyar laka a fili, ita za a ɗebo, ba ja ba. A cire tsakuwa da hannu. A kwaɓa da ƙafa kamar za a yi tukunya, a dunƙula kamar kan jariri, a bar shi inuwa kwana biyu ya yi tauri amma kada ya bushe. A riƙa jefawa ashirin ashirin. A samu tsohon turmi a cika shi da dutse, a ɗaure da igiya, mutum huɗu su ɗaga su saki, su ɗaga su saki, har sautin ya daina kama da taɓo ya koma kamar ana dukan daɓe. Sannan a ƙara ashirin. Haka har ya wuce tsayin mutum biyu. Bayan nan su zuba abin da suka ga dama.

Ina magana ina jin muryar ba tawa ba ce. Har inda Baba yake tsayawa ya ja numfashi nake tsayawa. Duk abin da mutumin nan ya zuba mini a kai don in gina rijiya, ban taɓa gina ko ɗaya ba, sai yau na zazzage shi a waya, a gefen titin Nasara, don a kashe tasa.

Ina jin akuya tana kuka a bayan ƙanena. Sai ya ce: "Yaya, biron ya ƙi rubutu tun wurin ƙugiya. Maimaita mini daga farko."

Na maimaita.